Na Huɗu

Biyar ne, in ji bangon baya.
Huɗu suka iso garinmu
a buhun Kawu Haladu, ranar da ya dawo daga Kano,
tsakanin batiran rediyo da sabulun Inna.
Mai shago ne ya ɗora masa su gyara.
Na ɗaya, na biyu, na uku, na biyar.

Turanci ne, baƙaƙe ƙanana kamar kiyashi,
a gidan kuwa Yaya Sahura kaɗai ta taka sakandare.
Bayan isha'i sai ta jingina da rumbu,
ta maƙale tocila tsakanin kunci da kafaɗa,
ido a Turanci, baki a Hausa,
mu bakwai a tabarma ɗaya,
har da Iliya na gidan maƙera
mai tsallako danga da lomar tuwo a hannu.

Yara ne kamarmu, sai dai makarantarsu ta sihiri ce.
Suna koyon ƙulle iska a bakin zane,
suna kiran wuta da sunanta na yarinta.
Akwai mai tsoron duhu a cikinsu.
Shi na ɗauka nawa.

Inna ta ce, a'uzubillahi, bokanci tun ba a yi kaciya ba?
Ta ja kujerarta can bakin murhu.
Dare na uku muka ji murya daga duhu:
To shi yaron, ya fito daga ramin ko kuwa?

Da shinkafa ta yi kai aka tura mu fadama korar jan-baki.
Kowa ya yanki sandar geza,
muka hau kunya muna ƙwala kalmomin da Yaya ta koya mana.
Tsuntsaye suka tashi, gajimare guda.
Gwangwanin Iliya ne ya kore su, yanzu na sani.
Ranar ban sani ba.

Da na uku ya ƙare muka yi jugum.
Yaya ta ce ai ta karanta na huɗu a laburaren makaranta,
duk yana kanta.
Wata biyu tana ba mu shi, ba tocila, ba takarda:
yadda yaran suka bi kogi a cikin ƙwarya,
da kada mai haƙorin azurfa da ke karɓar kuɗin fito,
da tsohuwa mai daddawa, ashe ita ce uwar matsafa,
da yadda nawa, matsoracin nan,
ya haɗiye wata don ya haska wa 'yan'uwansa hanya.
Na yi kuka har sai da Inna ta ba ni ƙuli-ƙuli.

Shekara goma sha tara.
Gara ta ci na biyu, ambaliya ta tafi da na biyar.
Iliya na jan tirela tsakanin Legas da Maigatari,
ni ina yi wa shanu allura a Auyo.
Rannan a Sabon Gari, a ƙasa, kan leda,
kusa da wata tsohuwar kalanda,
na gan shi.
Ko tayawa ban yi ba.

A motar Haɗeja na buɗe.
Muka wuce Gezawa, muka wuce Ringim,
ina ta juya shafi ina neman kada.
Ba kogi, ba ƙwarya, ba mai daddawa.
Dusar ƙanƙara ce da dogayen hasumiyoyi,
wata kuma na nan a sama, ba wanda ya taɓa shi.

Na kira ta. Fitowarta ke nan daga ɗakin karɓar haihuwa.
Ta yi dariya har da tari.
Laburare? Ajinmu ko ƙyaure ba shi da shi.
Sauran ma, ta ce, in kalma ta fi ƙarfina
sai in leƙa fuskokinku, in karanta daga nan.

Yana kan akwati yanzu.
Jiya Bara'atu, 'yata, ta jawo shi,
ta ce, Baba, me ke ciki?
Na maƙale tocila a kafaɗa,
na buɗe shafin farko, na gyara murya.
Na ce, akwai wani kada.